Tsofaffin Ɗaliban Harrow: Inda Suka Bi da Yadda Ake Bin Sawunsu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne makarantar Harrow ce ta mayar da su Churchill da Nehru manyan mutane, kuma ta yaya mutum zai tabbatar wane ya yi karatu a can. Amsar da zan ba ka ita ce, makarantar ta taimaka, amma abin da ya fi yanke wa yaro hanya shi ne gidan da ya fito da kuma ƙofar da ya shiga bayan ya bar ta.

Wani manomi mai hali, John Lyon, shi ya kafa Harrow a 1572 da izinin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, a kan wani tudu da yanzu yake arewa maso yammacin Landan. Ta kwana ce, ta maza zalla, daga shekara 13 zuwa 18. Firaministocin Birtaniya bakwai sun zauna a azuzuwanta: Perceval, Goderich, Peel, Aberdeen, Palmerston, Baldwin da Churchill. Wannan jeri ne ke ruɗar mutane.

Dubi Robert Peel. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya wuce jami'ar Oxford ya fita da sakamako mafi daraja a 1808. Amma kujerar majalisa da ya samu a 1809 yana ɗan shekara 21, ta wata 'yar mazaɓa ce a Ireland mai suna Cashel, kuma dukiyar mahaifinsa, attajirin masaƙun auduga, ita ta samar masa. Abin da ya yi daga baya nasa ne: shi ya kafa 'yan sandan Landan a 1829. Baldwin kuwa digirinsa na Cambridge mai daraja ta uku ne, ya koma masana'antar ƙarfe ta gidansu ya daɗe a can, sai a 1908 ya gaji kujerar mahaifinsa ta Bewdley. Duk da haka sau uku yana zama firaminista.

Ƙofofin da aka fi bi uku ne. Akwai soja ta kwalejin Sandhurst, akwai jami'a, wato Oxford ko Cambridge, daga nan sai lauyanci ko aikin gwamnati ko coci, akwai kuma komawa gida a riƙe gandu ko kamfani. Churchill ta farko ya bi. Ya shiga Harrow a 1888, aka sa shi ajin masu shirin soja, sai a karo na uku ya ci jarrabawar Sandhurst, kuma makinsa na sojan doki kawai ya isa. Ya zama hafsa a 1895, ya yi yaƙin Omdurman a Sudan a 1898, ya shiga majalisa a 1900. Labarin da ake yaɗawa cewa dakiki ne ba daidai ba ne. Latin da lissafi ne suka ba shi wahala, amma ya ci kyauta don haddar baiti 1,200, ya kuma zama zakaran wasan takobi na irin waɗannan makarantu a 1892.

Nehru ta biyu ya bi: Harrow daga 1905 zuwa 1907, Cambridge inda ya karanta kimiyya, ya zama lauya a 1912. Ilimin da ya samo ya juya shi kan mulkin mallaka, Turawa suka tsare shi kusan shekara tara in an haɗa, ya jagoranci Indiya daga 1947 har rasuwarsa a 1964. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Sarki Faisal na Biyu na Iraƙi da ɗan'uwansa Sarki Hussein na Jodan. Tare suka zauna a Harrow, rana ɗaya suka karɓi ragamar mulki, 2 ga Mayu 1953. An kashe Faisal a juyin mulkin 14 ga Yuli 1958 yana ɗan shekara 23, Hussein kuwa ya yi mulki har 1999. Makaranta ɗaya, tarbiyya ɗaya.

Kar kuma ka manta da waɗanda ba su samu damar zama komai ba. Tsofaffin ɗalibai sama da 600 suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu ƙananan hafsoshi, domin su ake sa wa a gaban dakaru idan an fita daga ramukan fagen daga don kai hari.

To, batun tabbatarwa. Ka fara da kundin rajistar makarantar, Harrow School Register, wanda tsofaffin bugunsa suna intanet kyauta. An jera sunaye ne bisa shekara da zangon da yaro ya shiga, ba bisa haruffa ba, saboda haka ka nemi sunan a fihirisar baya tukuna. Idan shekarar haihuwa kawai ka sani, ƙara 13 ko 14, ka duba shekara biyu gaba da baya. Za ka ga sunan uba, gidan kwanan da ya zauna, shekarar fita da taƙaitaccen aikinsa. Sai dai bayanin aikin yana tsayawa a shekarar da aka buga kundin, kuma da yawansa mutumin ne ko danginsa suka aiko, ba wanda zai rubuto cewa ya karye ko an kore shi. Don haka sai ka gwama. Idan soja ne, jaridar gwamnati ta London Gazette tana ɗauke da ranar naɗinsa da ƙarin girma. Idan Cambridge ya je kafin 1900, jami'ar tana da rumbun sunayen tsofaffin ɗalibanta a intanet. Ɗan majalisa kuwa jawabansa suna cikin Hansard, kundin muhawarar majalisar Birtaniya, wanda ya mutu a yaƙi kuma hukumar kula da kaburburan sojojin Kwamanwel tana da sunansa da bataliyarsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne suna. Mai sarauta ba da sunan sarautarsa ya yi makaranta ba: Palmerston a matsayin Henry John Temple za ka same shi, Goderich kuma Frederick Robinson. Ga kuma uba da ɗa da jika masu suna ɗaya a gidan kwana ɗaya, in ba ka lura da shekara ba sai ka ba jika muƙamin kakansa.

Sai ruɗanin makarantu. John Lyon School da aka buɗe a 1876 don yaran gari daban take, haka tsohuwar Harrow County ta gwamnati, haka rassan da ke ɗauke da sunan a Asiya, irin na Bangkok da aka buɗe a 1998. Wanda ya ce a Harrow ya yi karatu, ka tambaye shi sunan gidan kwanansa.

Ka kuma duba tsawon zama. Lord Rayleigh, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904 kan gano iskar argon, ana lissafa shi cikin 'yan Harrow, alhali rashin lafiya bai bar shi ya daɗe ba, yawancin karatunsa a wani wuri ya yi. Idan mutumin da kake nema na baya-bayan nan ne, sai ka rubuta wa ma'ajiyar tarihi ta makarantar da cikakken suna da shekarar haihuwa, amma ka sani dokar kare bayanan mutane ta Birtaniya ba ta barin a saki fayil ɗin wanda yake raye haka kawai.