Wa ke ba da umarni idan abu ya faru? Amsa ga mai shirin zuwa Birtaniya karatun aikin 'yan sanda

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana neman gurbin karatu a Birtaniya kan aikin 'yan sanda da agajin gaggawa, kuma kafin ka zuba kuɗin makaranta kana son sanin abu biyu: yadda 'yan sandan nan ke tsara umarni idan babban abu ya auku, da kuma ko digirin zai sa ka sanya kaki. Ta biyun gajeriya ce, za mu zo kanta. Ta farkon ita ke buƙatar zama.

Ka fara cire wa ranka cewa akwai rundunar 'yan sanda guda ɗaya a ƙasar. Ingila da Wels suna da runduna 43, kowace da shugabanta da ɗakin karɓar kiranta. Sikotilan ta haɗe nata wuri ɗaya a 2013, Ailan ta Arewa na da tata, sannan ga 'yan sandan jiragen ƙasa daban. 'Yan kwana-kwana da masu motar asibiti kuwa ba a ƙarƙashin 'yan sanda suke ba, ɗan sanda ba shi da ikon cewa ɗan kwana-kwana "shiga can". Duk tsarin da za ka karanta an gina shi ne don magance wannan rarrabuwar.

Komai daga 999 yake farawa, lambar da aka buɗe a Landan tun 1937. Wanda ke fara ɗauka ma'aikacin kamfanin waya na BT ne, ba ɗan sanda ba, tambayarsa ɗaya: wace hukuma kake nema? Sai ya miƙa ka ɗakin kula na rundunar yankin, inda ake son a ɗauki kira cikin daƙiƙa 10. Idan mutum na cikin halin da ba zai iya magana ba, ya danna 55 a wayar hannu, a san ba kuskure ba ne. Abin da ba na gaggawa ba 101 ake kira.

Mai karɓar kiran yana buga bayani a kwamfuta yana aunawa da wani ma'auni da ake kira THRIVE: mene ne barazanar, wace illa za ta iya biyo baya, yaya yiwuwarta, akwai abin bincike, mai kiran mai rauni ne, wa ya kamata ya je. Daga nan kira ke samun daraja. A Landan, daraja ta farko ana son mota ta isa cikin minti 15, ta biyu cikin awa ɗaya. Wani ma'aikacin daban, mai riƙe da rediyo, shi ke tura motoci. A saman su duka akwai sufeto guda mai tsaron ɗakin a wannan dutin. Ka riƙe wannan mutumin a ranka. A mintunan farko na kowane bala'i, kafin manya su tashi daga barci su ɗauki makullin mota, shi ne kwamanda, kuma a yawancin runduna shi ke da ikon fara tura masu bindiga, tunda yawancin 'yan sandan ƙasar ba sa riƙe bindiga.

Idan abu ya girma sai a kafa matakai uku da ake kira Zinariya, Azurfa da Tagulla. 'Yan sandan Landan ne suka fito da tsarin bayan tarzomar unguwar Broadwater Farm ta Oktoban 1985, wadda aka kashe kurtu Keith Blakelock a cikinta, aka kuma gane cewa manyan hafsoshi sun cika wurin amma ba a san takamaiman mai yanke hukunci ba. Zinariya mutum ɗaya ne, ba ya zuwa wurin da abin ya faru. Aikinsa ya rubuta manufa cikin layuka kaɗan, a jere bisa muhimmanci: ceton rai, hana abin yaɗuwa, kare shaidu, sanar da jama'a, maido da zaman lafiya. Shi ke nemo ƙarin mutane da kuɗi, shi ke amsa tambayar gwamnati. Azurfa shi ke mayar da manufar ta zama shiri: mutum nawa, ta wace hanya, da wane lokaci. Tagulla suna da yawa, kowa da yankinsa ko aikinsa, wani shinge, wani zirga-zirgar motoci, wani masu bindiga, wani hulɗa da unguwa.

Abin da ɗalibai suka fi kuskure a nan shi ne ɗaukar waɗannan a matsayin muƙamai. Aiki ne da ake ɗora wa wanda ya yi horonsa aka tantance shi. Sufuritanda zai iya zuwa wurin ya tarar da sufeto ne Tagulla, kuma ba zai karɓe ba sai an miƙa masa a bayyane an rubuta lokaci. Cutar da ta fi kama tsarin ita ce babba ya sauko ƙasa: Zinariya ya ɗauki rediyo ya fara cewa a matsar da mota kaza. Da zarar ya yi haka an samu sarki biyu a gari ɗaya, kujerarsa kuma ta zama wayam. Shi ya sa kowane kwamanda ke da marubuci a gefensa, yana rubuta abin da aka sani a wannan mintin, zaɓin da ake da shi, wanda aka ɗauka da dalili. Bayan shekaru, a gaban kwamitin bincike, wannan littafin ne zai tsaya masa ko ya kayar da shi.

Yanzu ka ɗauka kai ne kurtun da ya fara isa inda jirgin ƙasa ya kauce daga layi. Hayaƙi, ihu, wata mata ta riƙe maka hannun riga tana nuna tarago. Zuciya za ta ce ka ruga. Horo ya ce ka tsaya daƙiƙa 30 ka danna rediyo ka aika saƙon da ake kira METHANE, abu bakwai a jere: shin babban bala'i ne, ainihin wurin, irin abin da ya faru, haɗuran da ke wurin kamar wayar lantarki ko mai da ya zube, hanyar shiga da fita, yawan waɗanda suka jikkata ko da ƙiyasi ne, sai hukumomin da ke nan da waɗanda ake buƙata. Kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar igiyarsa, yana da ikon ayyana babban bala'i. Kalmar ce ke sa asibitoci su kwashe gadaje, a kira likitocin da ke gida, ƙaramar hukuma ta buɗe wurin sauke mutane. Idan aka ayyana daga baya aka ga abin bai kai ba, a janye, ba wanda ya mutu. Idan aka yi nauyin baki, mintunan ba sa dawowa.

Daga nan sai shimfiɗa wuri. Shinge na ciki yana kewaye da haɗarin kansa, ana rubuta sunan duk wanda ya shiga da wanda ya fita, kuma in ba ta'addanci ba ne 'yan kwana-kwana ke kula da lafiyar masu aiki a cikinsa. Shinge na waje na 'yan sanda ne, yana tare 'yan kallo ya bar wa masu aiki fili. Can nesa ana karkatar da motoci. A ware mahaɗa guda inda duk motar agaji za ta fara tsayawa kafin a kira ta, domin in kowa ya kutsa har bakin wurin, motar asibitin da ta ɗauki majinyaci ba za ta samu hanyar fita ba. Sai wurin umarni na gaba, inda kwamandojin hukumomi uku za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa da riga mai rubutu a baya don a gane shi daga nesa.

Wannan tsayuwa wuri ɗaya ita ce ƙa'ida ta farko cikin biyar na JESIP, shirin haɗa aikin 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti da aka kafa a 2012 bayan bincike iri-iri sun yi ta maimaita koke ɗaya. Sauran su ne magana da harshe mai sauƙi ba tare da kalmomin cikin gida ba, amincewa kan wa ke jagoranci, fahimtar haɗari tare, da kuma kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani. Batun harshe ba ƙarami ba ne. Mai shari'a Hallett, da ta binciki mutuwar mutum 52 a harin Landan na 7 ga Yulin 2005, ta koka da yadda manyan jami'ai ke magana da kalmomin da abokan aikinsu na wata hukuma ba sa ganewa. A ranar ma rediyoyi da yawa ba su yi aiki a ramin jirgin ƙasa ba, sai da aka riƙa aika mutum da ƙafa ya hau sama ya kai saƙo.

A takarda duk wannan ya yi kyau. Ka karanta abin da ya faru a Mancesta ran 22 ga Mayun 2017 ka ga yadda yake warwarewa. Bam ya tashi a zauren Arena, wani babban ɗakin wasan kiɗa, da ƙarfe 10:31 na dare, mutum 22 suka rasu. Da 10:47 sufeton ɗakin kula ya ayyana Operation Plato, shirin da ake tayarwa idan ana zaton 'yan bindiga na yawo suna harbi. Shirin yana raba wuri uku: mai zafi, inda masu bindiga kaɗai ke shiga, mai ɗumi, inda masu agaji na musamman ke shiga da kariya, da mai sanyi. Amma ba a sanar da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti ba. Aiki ya yi wa mutum ɗaya yawa, layinsa ya cushe, jami'in kwana-kwana ya yi ta kira bai samu ba. Motocin kashe gobara suka taru a wata tasha mai nisan kusan mil uku suna jira, ba su iso ba sai bayan fiye da awa biyu. Ma'aikatan jinya uku kacal suka shiga ɗakin da bam ya tashi. An riƙa fitar da majinyata a kan ƙarafan shinge da allunan talla. 'Yan sandan yankin ba su ayyana babban bala'i ba sai dab da ƙarfe 1 na dare. Rahoton Sir John Saunders na Nuwamban 2022 ya ce ɗaya daga cikin mamatan, John Atkinson, da wuya ya rasu da agaji ya zo yadda ya kamata. Lura da cewa babu abin da aka rasa a daren: motoci, rediyo, ƙwararru, duk suna nan. Kwamandojin ne ba su haɗu wuri ɗaya da wuri ba, kuma atisayen da aka yi shekara guda kafin nan ya riga ya nuna cewa kujerar sufeton za ta cushe.

Bala'in filin ƙwallon ƙafa na Hillsborough kuma darasi ne na daban, na kwamandan da ya karanta abu ba daidai ba. Ran 15 ga Afrilun 1989 a Shefild, David Duckenfield, kwamandan 'yan sandan da ke tsaron wasan, wanda bai fi makonni uku da hawa kujerar ba, ya ba da umarnin buɗe wata ƙofa da 2:52 don rage cunkoso a waje, bai sa an toshe ramin da ke kaiwa tsakiyar 'yan kallo ba. Da mutane suka fara tsallake waya, an fara ɗaukar abin a matsayin rigimar magoya baya. Mutum 97 suka rasu sanadin wannan rana.

Sama da abin da ake yi a wurin bala'i akwai dokar 2004 ta shirin ko-ta-kwana, wadda ta tilasta wa 'yan sanda, kwana-kwana, asibitoci da ƙananan hukumomi su zauna a majalisar yanki su tsara shiri su yi atisaye, kamfanonin ruwa da wuta da sufuri kuma su ba da haɗin kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan abu ya faru, shugabanninsu ke zama teburi ɗaya, yawanci ɗan sanda ke jan zaman, amma da yarjejeniya ake tafiya ba da oda ba. In ya fi ƙarfin yanki, ministoci su zauna a COBR, zaman gaggawa na gwamnati, a Landan, a kuma aro 'yan sanda daga wasu rundunoni. Ana iya aron ne saboda an daidaita awo: rukunin kwantar da tarzoma ko'ina sufeto 1 ne, saje 3, kurtu 18, ban da direbobi.

To, tambayarka ta biyu. Bizar ɗalibi ba ta ba ka damar shiga aikin ɗan sanda. Baƙo sai yana da izinin zama marar ƙayyadewa, kuma tantancewa yawanci tana neman shekara uku na zama a ƙasar. Digirin share fagen aikin ɗan sanda an tsara shi ne don wanda zai nemi aikin a Ingila da Wels, kuma ko ɗan ƙasa bai ba shi tabbacin ɗauka. Kwasa-kwasan kwamandoji na College of Policing, hukumar da ke tsara horon 'yan sanda, kuwa na waɗanda ke cikin aiki ne. Idan tsarin umarnin ne ya ja hankalinka, ka duba digiri kan tafiyar da bala'i da agajin gaggawa, irin wanda jami'o'in Coventry da Bournemouth suka daɗe suna koyarwa. Kafin ka karɓi gurbi, ka rubuto wa sashen ka tambaya ko akwai atisayen teburi, wato gwada yanke hukunci kan bala'in da aka ƙirƙira ana zaune a ɗaki, da ake yi da jami'ai na gaske, da kuma ko malaman sun taɓa riƙe Azurfa ko Zinariya. Kundin JESIP da kashi na biyu na rahoton Mancesta duk suna intanet kyauta. Ka fara da jadawalin lokutan daren, ka ɗauki biro, ka yi alama a duk mintin da wani ya san wani abu bai faɗa wa na kusa da shi ba.