Tambaya da Amsa: Giyar Tsohon Injin Sassaƙa Ƙarfe Ta Cije

Tambaya: Salamu alaikum. Ina farfaɗo da tsohon injin sassaƙa ƙarfe, Myford ML7 ƙirar Ingila, da ya daɗe a ajiye. Ɗaya daga cikin giyoyin yanka tiredi (zaren jikin sukuru) ta cije a kan sandarta, na zuba baƙin mai na buga da guduma, ko gezau. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara ajiye gudumar nan. Giyoyin wannan inji ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. An fara ƙera ML7 tun 1946, in haƙori ɗaya ya fita, sai ka sha wuya kafin ka sami madadi.

Goge cibiyar giyar da kananzir da buroshin waya, ka duba ko akwai abin da ke riƙe da ita. Sau da yawa wani ɗan sukuru marar kai ne ya ɓuya a ƙarƙashin datti, wani lokaci ma biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. A wasu injinan fin ne mai tsini, kuma daga siririn bakinsa ake fitar da shi. In ka bugo ta bakin mai kauri, ƙara ɗaure shi ka yi.

Baƙin mai ya yi kauri, ba zai ratsa ba. Haɗa man giyar mota mai otomatik da asiton (sinadarin da ake goge fentin farce da shi), rabi da rabi, ka girgiza kafin kowane zubi domin suna rabuwa. In babu, ka tsoma wurin cikin kananzir. Safe da yamma, kwana uku zuwa mako guda, kana ɗan ƙwanƙwasa cibiyar da guntun tagulla. Yawanci busasshen mai ne ya daskare ya haɗu da tsatsa.

In ta ƙi, sai zafi, amma ka goge man tas tukuna, asiton ba ya wasa da wuta. Cibiyar za ka gasa, kana zagayawa a hankali, ka bar sandar da sanyinta. Digiri 120 zuwa 150 ya isa, wato ɗigon ruwa ya yi cuwai ya ƙafe nan take. Ramin giyar mai faɗin milimita 16, wannan zafin na buɗa shi kusan milimita 0.02, kuma hakan ya wadatar tsatsar ta saki. Wutar walda a gefe guda tsaga ƙarfen zubi take yi. Ka kuma kare ƙananan giyoyin juya akala idan naka na Tufnol ne (wani abu mai tauri kamar filastik, ba ƙarfe ba), ƙonewa suke yi. Masu injin Atlas na Amurka su ƙara kula, giyoyinsu Zamak ne, wani gaurayen ƙarfe na zinki, yana narkewa wajen digiri 380.

Tana da zafin, ka sa fula, wato na'urar nan mai farata da ake zaro giya daga sanda da ita. Faratansa kada su kama haƙora: zura faranti biyu na ƙarfe a bayan cibiyar, su ɗauki nauyin. Sa guntun tagulla a bakin sandar don kada ya baje. Ɗaure kaɗan, ƙwanƙwasa kan fular, ƙara mai, sake ɗaurewa. Da ta motsa, mayar da ita baya ka sake jawowa.

Bayan ta fita, goge sandar da sanfefa lamba 400 da mai, ka share kaifin ramin ki, wato tsagar da ɗan ƙarfen da ke kulle giyar ke zama, da magagari mai laushi. Wajen mayarwa, mai marar kauri lamba 32 za ka sa. Kawunan zuba mai na Myford sun yi kama da na giris, amma giris toshe hanyoyin yake yi, ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe su maƙale a ciki.