Kafin ka ɗaura geji, fara zaro filta

Na ga saƙonka tun ɗazu, ina kan tsani ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce me ya sa duk gidan da muka shiga sai na sa ka zaro filta ka wanke alhali mai gida da bakinsa ya ce gas ne ya ƙare a esin, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma wai a ganinka wankin filta aikin yaran gida ne, ba ya kawo ko sisi. To ɗana karanta a nutse.

Da farko dai gas ba ya ƙarewa haka kawai. Zagaye yake yi cikin bututu rufaffe, kwamfresa ya matse shi ya tura shi kwandensa ya zubar da zafi a waje, ya dawo kwayil na ciki, wato murɗaɗɗen bututun da ke bayan filta, ya kwashi zafin ɗaki, ya sake komawa, haka zai yi ta yi shekara da shekaru. In ka ga ya ragu to wani wuri ne ke yoyo, yawanci wajen nat ɗin da aka haɗa bututu, kuma za ka ga maiƙo a wurin ƙura ta manne. Mai gida bai san wannan ba, shi dai ɗaki bai yi sanyi ba sai ya ce gas, don ita ce kalmar da ya saba ji a bakin masu gyara.

Esi zafi yake cirewa daga iskar ɗaki, don haka dole iskar ta ratsa kwayil da yawa. Bulowa, wato fankar ciki, ita ke jawo ta daga sama, ta bi ta filta, ta ratsa kwayil ta fito ta ƙasa. In filta ta toshe iskar da ke wucewa sai ta ragu, gas ɗin da ke cikin kwayil bai samu zafin da zai kwasa ba, sai kwayil ya yi ta yin sanyi har ya sauka ƙasa da sifili, ruwan da ya kamata ya riƙa ɗiga yana fita ta tiyo sai ya daskare a jikinsa, ƙanƙarar ta ƙara toshe ƴar hanyar da ta rage, abu ya yi ta cin gaba. Da an kashe esin ko an ɗauke wuta ta narke gaba ɗaya, tiren ruwan ya cika ya zubo ta bango. Shi ne za ka ji Hajiya ta kira tana cewa esi yana zubar da ruwa ya ɓata mata fenti da labule.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar tana waje. Gas ɗin ya kamata ya gama zama tururi kafin ya koma kwamfresa, to in bai samu zafi ba sai ya koma yana ruwa-ruwa, shi kuwa kwamfresa tururi aka yi shi ya matsa, ruwa ba ya matsuwa. Zai wanke man da ke ciki, ya riƙa buga bawul, yau kaɗan gobe kaɗan, wata rana ka ji ya yi gum ya tsaya. Ka san kuɗin kwamfresa yanzu, wani mai gidan gara ya sayi tokunbo kawai.

Ga inda nake so ka buɗe ido sosai, don a nan yara da yawa ke faɗawa. In filta ta toshe ka ɗaura geji, wato agogon auna ƙarfin gas, allura za ta nuna maka ƙasa. Esi mai gas samfurin R22 lafiyayye za ka gan shi wajen psi 60 zuwa 70 a geji, mai R410A ya haura 100, to rashin iska kaɗai zai iya saukar da shi ko da gas ɗin cike yake. Yaro ya ga allura ƙasa sai ya ɗauko silindar gas ya yi ta ɗura har ta hau, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan sati wani ya zo ya wanke filta, iska ta dawo, yanzu gas ya yi yawa, kwamfresa yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa, yana zafi yana yankewa. Wa za a zaga? Wanda ya taɓa shi ƙarshe, da shagon da ya fito. Shi ya sa ni ba na yarda da abin da geji ya faɗa sai filta na da tsabta, bulowa na juyawa daidai, ƙanƙara ta narke, esin kuma ya ɗan jima yana aiki.

Kuma tun kafin geji hannunka ma zai gaya maka. Sa tafinka a bakin iska. In sanyi ƙarara amma iskar ba ƙarfi, ko tana fitowa wani gefe ban da wani, to hanyar iska ce. In iska na busowa da ƙarfinta amma sanyin salam-salam, nan ne za ka fara zargin yoyo ko kwamfresa ko kafasitar da ke taimaka masa tashi. Ka zagaya waje ka duba bututun nan biyu, a irin silit ɗin da muke gyarawa, mai rabi a ɗaki rabi a waje, in siririn ne ya yi fari da ƙanƙara galibi gas ya yi ƙasa, in kuwa mai kaurin ne ya daskare har zuwa bawul to koma ciki ka buɗe murfi.

Littafin da ke zuwa cikin kwali yawanci cewa yake a wanke filta duk sati biyu, kuma waɗanda suka rubuta ba su ma san ƙurarmu ba. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, da yawanta daga kwarin Bodele na Chadi, laushinta har ya fi na fulawa, ko ka rufe taga sai ta shiga. Lokacin kuma ba mai kunna esi saboda sanyi, ƙurar ta yi ta sauka a kansa ba wanda ya kula, sai zafin Maris da Afrilu ya kawo jiki Kano ta haura digiri 40 kowa ya danna rimot rana ɗaya. Shi ya sa wayata ba ta hutawa a watannin nan, kuma kai shaida ne, yawancin kiran da ruwa da omo muke gama su.

Ɗakin mata kuma nasa daban ne, saboda turaren wuta. Hayaƙinsa yana da danƙo, in ya haɗu da ƙura sai ya zama wani baƙin abu mai yauƙi da ya like a raga, kaɗewa ba ta fitar da shi. Haka falon da ke kusa da kicin, maiƙon suya. Gidan da ke bakin titin da ba kwalta, ko mai kafet, ko shagon tela da zare ke tashi, waɗannan ni duk sati nake ce musu.

Sai maganar wuta. Esi mai toshewar filta ba ya kai ɗaki sanyin da aka saita, don haka kwamfresa ba ya samun hutu, mai inbata kuma da ya kamata ya sassauta gudu sai ya yi ta ja. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce sauya filta mai datti na iya rage wutar da esi ke sha da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Tun Afrilun 2024 da aka kai ƴan Band A, rukunin da suka fi samun wuta, naira 225 kan yunit ɗaya mutane suka fara kallon mita da idon gaske, wanda ke kan janareto ko sola kuwa ba sai an faɗa masa ba. In kana so mai gida ya saurare ka, ta nan za ka shigo masa, ya fi jin wannan a kan bayanin kwayil.

Wankin kansa ba wuya amma akwai yadda ake yi. Kashe daga soket, kar ka tsaya a rimot. Ɗaga murfi, tura filta sama kaɗan ka zaro ta a hankali kar ka zazzage wa mutane ƙura a gado. Fita da ita waje ka ɗaga ta saitin rana, in ba ka ganin haske ta ciki ka kira mai gida ya gani da idonsa kafin ka wanke, wannan kar ka manta. Ruwa ta baya za ka sakar mata, ƙurar ta fita ta inda ta shigo. In akwai danƙo jiƙa ta a ruwa mai ɗumi da ɗan omo, ɗumi na ce, ruwan zafi yana lanƙwasa robar, sannan burushi mai laushi. Ban da soson ƙarfe, ban da fetur. Shanya a inuwa ta bushe sarai, in ka mayar da ita da laima fumfuna za ta kama, ɗaki ya riƙa wari, mai asma ya kwana yana tari. Wadda ta yage a canza ta, ƴan ƙananan nan masu launi da ake maƙalawa a jikin raga su ma yawanci canzawa ake yi.

Akwai masu dabarar cire filta gaba ɗaya su jefar wai iska ta fi fitowa. Eh za ta fito, na ɗan lokaci. Kwayil a jiƙe yake, ƙura ta sauka a kansa ta zama laka tsakanin siraran faranta, ta cika haƙoran bulowa, ta gangara ta toshe tiyon ruwa. Aikin minti goma ya koma na kwance esi da leda da famfo da kemikal.

Ka tambayi na ƙasashen sanyi da kake gani a bidiyo. Su a Amurka da Kanada gidaje da yawa na'ura ɗaya ce ke tura iska ta manyan bututu zuwa kowane ɗaki, ta ɗumama da hunturu ta sanyaya da bazara, filtarsu ta takarda ce mai ninki a cikin kwali, ba a wankewa, wata ɗaya zuwa uku a jefar a sa sabuwa, akwai kibiya a gefenta da dole ta kalli inda iska ta nufa. A wajen ɗumamawa toshewar ta fi haɗari, don wuta ce ke ci a ciki, in iska ba ta kwashe zafin ba ƙarfen zai yi ta gasuwa, na'urar ta yi ta yanke kanta, in ya tsage kuma iskar nan mai guba irin ta hayaƙin janareto na iya shiga ɗaki. Irin filtar za ka haɗu da ita a nan ma in Allah ya kai ka aikin otal ko asibiti ko banki mai babban esi. Suna da lamba da ake kira MERV, iya hawan lambar iya ƙanƙantar ƙurar da take kamawa, amma kar ka ce mai babbar lamba za ka cusa ko'ina, in fankar ba ta da ƙarfin ja ka toshe ta da hannunka ke nan.

Batun ba ya kawo kuɗi kuma, sabis ai aiki ne, kana faɗin kuɗinsa a biya ka, wanke filta da kwayil da kwandensa da busa tiyo da gwada wutar da yake ja. Kuɗin gas ɗin da ba ka sa ba, ko ka sa ba a buƙata, ba na so ya shigo shagona. Gobe da safe in sha Allah akwai gida a Hotoro, ka taho da ledar wanki da tiyo da kilam mita ta gwada wuta, silinda ka bar ta a mota sai na ce ka ɗauko.