Kafin ka sayi AI mai tsada, rubuta masa bayanin rumbunka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa manhaja a Katsina. Kawuna dilan kayan masarufi ne a babbar kasuwa, na haɗa masa rumbun bayanai na PostgreSQL, na kuma jona masa mataimakin AI don ya riƙa tambayarsa maimakon buɗe littafi. Sai dai amsoshin ba sa fita daidai. Ya tambayi cinikin jiya, aka ninka masa sau ɗari. Ya tambayi waɗanda yake bi bashi, aka haɗa har da waɗanda suka biya. In koma biyan kuɗin wata na samfurin AI da ya fi tsada? Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka tukuna. Ninki ɗarin nan shi ya nuna inda gizo ke saƙar. Da alama a kwabo kake ajiye kuɗi, kamar yadda masu manhaja da dama suke yi don gudun kuskuren lissafi, amma ba ka gaya wa mataimakin ba. Ya ga 4,500,000 ya ɗauka naira ce, alhali naira 45,000 ce. Samfurin da ya fi kowanne tsada ma canka zai yi, domin babu inda aka rubuta masa.

Mataimakin ba ya zaune cikin rumbunka. Abin da ke gabansa shi ne sunan kayan aikin da ka ba shi (wato ƙaramin shirin da yake kira ya ɗebo masa bayani daga rumbun), da bayanin da ka rubuta a kai, da jerin abubuwan da zai cike kafin ya kira shi. A kan haka tsarin MCP na jona mataimakin AI da kayan aiki, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, yake tafiya, sauran ma kusan haka suke. In ka rubuta "yana bincika rumbu" ka tsaya, tamkar ka ɗauki sabon yaron shago ne ka miƙa masa makulli ba ka nuna masa farashin komai ba.

Ga irin abin da nake so ka rubuta: "Wannan yana dawo da jimillar cinikin rana ɗaya. A ba shi kwanan wata a tsarin 2025-03-14. Kuɗin a kwabo suke, a raba da 100. Ba ya haɗa kayan da aka dawo da su. Kada a nemi bashi da shi, akwai wani na daban don wannan." Layin ƙarshen nan mutane suka fi mantawa, kuma shi ke hana mataimakin shiga ƙofar da ba ita ba.

Sai ka bi guraben tebur ɗaya bayan ɗaya. In an rubuta 12 a gurbin yawan taliya, katan ne ko ƙwaya? Shinkafa fa, buhu ko tiya? In kana sa 1 ga wanda ya biya, 2 ga wanda ya biya rabi, 3 ga wanda bai ba da ko sisi ba, to ka faɗa, don ina kyautata zaton nan maganar bashin ta lalace. Ka duba agogo ma: sabar (kwamfutar da ke riƙe da rumbun) da ke kan agogon duniya na UTC tana bayan Najeriya da awa ɗaya. Idan kuma an samu kuskure, saƙon da zai koma wa mataimakin ya zama mai amfani, kamar "babu wannan kwastoman, gwada da lambarsa".

Daga nan ka zauna da kawu ya ba ka tambayoyin da ya saba yi, waɗanda amsarsu ke cikin littafinsa, ka gwada. In ya ci gaba da tuntuɓe bayan bayanin ya cika, lokacin ne maganar sayen babban samfuri za ta taso.

Tambaya: Ni ke kula da rajistar wata makarantar kuɗi a Daura. Wani ya kawo mana manhajar AI da ya ce za ta iya yin komai a rumbunmu. Mu saya?

Amsa: Malama, kalmar "komai" ɗin ce ta dame ni. Abin da ke iya yin komai yana iya goge sakamakon ɗalibai. Rubuta "kada ka goge" cikin bayani roƙo ne kawai. Kwaɗon gaske shi ne a buɗe wa mataimakin asusun da izinin SELECT kaɗai gare shi, wato ya karanta amma ba ya taɓawa, a kuma sa iyaka ga yawan layukan da zai ɗebo. Na fi son ƙananan kayan aiki, kowanne da tambayarsa: waɗanda ba su biya kuɗin zango ba, yawan ɗaliban aji. Ki tuna bayanan yaran mutane ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanku, don haka lambobin wayar iyaye su fita daga abin da zai gani. Kafin ku biya, ki ce mai sayarwar ya nuna miki bayanin kowane kayan aiki a rubuce, ya kuma umarci manhajar ta goge suna ɗaya a rumbun gwaji a gabanki. In ta goge, kada ku saya.