Uldin, sarkin Hunawa: shi wane ne, kuma daga ina sunansa ya samo asali?

Ka tambaya ko Uldin ne sarkin Hunawa (Huns, wata tsohuwar al'ummar makiyaya mayaƙa) na farko, da kuma ma'anar sunansa. Abin da masana suka fi amincewa da shi shi ne cewa Uldin ne sarkinsu na farko da tarihi ya tabbatar da rayuwarsa, domin Balamber da ake ambata kafinsa akwai masu shakkar ko ya taɓa wanzuwa.

Uldin ya yi mulki a arewacin kogin Danube da ke Turai. A shekarar 400 Miladiyya ya kashe Gainas, wani kwamandan Gotawa (Goths, wata ƙabilar Jamusawan dā) da ya yi wa Rumawa tawaye, ya aika da kan Gainas ɗin zuwa birnin Konstantinoful ga Arkadiyus, sarkin Rumawan gabas. A 406 ya taimaki janar ɗin Rumawa Stilicho wajen murƙushe rundunar Radagaisus, wani sarkin Gotawa, a Italiya. Sai dai a 408 ya juya wa Rumawa baya, ya ƙetare kogin ya kama sansanin Rumawa na Castra Martis, har ya nuna rana yana cewa duk ƙasar da take haskawa zai iya cinye ta da yaƙi; Rumawa suka janye mabiyansa da toshiya, dole ya janye.

Game da suna, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar fassara ɗaya a matsayin tabbas. Hunawa ba su bar rubutu ba, sunan ya iso gare mu ne ta alƙalamin Girkawa da Rumawa, kowa ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Masani Otto Maenchen-Helfen ya danganta shi da harsunan Turkawa, masani Omeljan Pritsak kuwa ya haɗa shi da kalmar Mongol mai nufin sa'a. In bincike kake yi, ka tuntuɓi masanin tsoffin harsunan tsakiyar Asiya kafin ka yanke hukunci.