Layin wa ke karɓar odar shagonka?

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya aiko min da tambaya. Yana sayar da shadda da atamfa, yawancin masu sarinsa na Gusau da Yola da Maraɗi ta WhatsApp suke oda, ɗan ƙanwarsa ne kuma ke amsa su da wayarsa. A watan jiya wani kwastoma ya rantse ya turo naira 480,000, yaron ya ce bai gani ba, saƙon da suka yi cinikin a ciki kuma ya ɓace. Alhajin ya haƙura ya ba da kayan don kada su ɓata. Yanzu wani ya ce a ba shi 300,000 ya yi masa talla a TikTok, ciniki zai ninka cikin wata biyu. Ya ba shi?

Alhaji, ajiye maganar talla a gefe. Tulunka na yoyo, kana neman mai ƙara maka ruwa. Duk wanda ya yanka maka ranar da ciniki zai ninka, kuɗinka yake so, ba kasuwarka ba.

A cikin saƙonka kalma ɗaya ce ta tsaya min a rai: wayarsa. Wato layin yaron ne. Tun Disambar 2020 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mai layi shi ne wanda sunansa ke kai, ba wanda ke sa masa data ba. Gobe idan wayar ta faɗi a Adaidaita, kai ba za ka iya zuwa a dawo maka da layin ba, sai shi. Idan kuka saɓa, ya tafi da lambar da mutanen Gusau suka sani, da jerin sunayensu, da farashin da kake ba kowa, da wanda ka ɗaga wa ƙafa. Shagon naka ne, amma ƙofar shigarsa tana aljihun wani.

Ban ce ɗan ƙanwarka ɓarawo ba ne. Matsalar ita ce ba ka da hanyar sanin ko shi ne ko ba shi ba ne, kuma ba za ka iya titsiye shi ba, don kafin magariba uwarsa ta kira ka tana kuka. Na taɓa zama da wani dattijo a kasuwar Singa da yaronsa na shekara bakwai ya nemi a sallame shi. An yi rabuwar arziki, har da addu'a. Bayan mako uku dattijon ya lura masu sarin Haɗeja da Gumel sun yi shiru. Ba su guje shi ba, lambar da suka saba kira suka ci gaba da kira, kaya kuma na isa tasha kamar kullum, sai dai daga sabon shago yake fitowa. Wasunsu ma ba su san an rabu ba.

Sai batun saƙon da ya ɓace. WhatsApp na barin mutum ya goge abin da ya tura daga wayoyin biyu har kusan kwana biyu bayan turawa, akwai kuma tsarin da saƙonni ke share kansu bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Kowane ɗaya daga cikin su biyun zai iya kunna shi. Ka ɗora dukiyarka a kan abin da ake gogewa da ɗan yatsa. Ga kuma saƙon murya, wanda mu Kanawa muka ɗauka kamar gado: minti huɗu na gaisuwa da ya iyali da ya zafi, sai a tsakiya a ce a sa min turmi ashirin. Wa zai binciko wannan bayan wata uku?

Ka je da kanka ka yi rajistar sabon layi da sunanka, ka sayi waya ta shago, ka sa WhatsApp Business, kyauta ne. Lambar sirri ta mataki biyu, wadda ke tsare asusun WhatsApp ɗin, kai kaɗai za ka riƙe. Yaron ya ci gaba da amsa mutane, amma ka haɗa asusun da taka wayar, kana gani daga gida. Duk odar da ta zo da murya, a mayar wa mai ita a rubuce: kaya kaza, turmi kaza, kuɗi kaza, ya amsa da "haka ne". Sannan a shigar a littafi, na takarda mai bango, da kwanan wata da sunan direban da aka ɗora wa kayan. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kada kaya ya bar shago sai ka buɗe asusun bankinka ka ga kuɗin da idonka, asusun kuma naka, ba na yaron ba.

Su 480,000 ɗin nan ma ba su wuce bincike ba. Ka nemi kwastoman ya karɓo bayanan asusunsa na ranar daga banki, za a ga sunan asusun da kuɗin ya shiga, in har ya fita. Ka yi wannan kafin ka sanar da kowa sabuwar lamba, kuma sanarwar kai za ka kira manyan masu sarinka ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu da bakinka.