Dabaran da Kaza da 'Ya'yanta: Mene ne Asalin Burujin Sa?

Tambaya: Malam, a dararen hunturu nakan ga wata tauraruwa ja-ja tana bin bayan Kaza da 'Ya'yanta, kuma an ce mini dukkansu suna cikin burujin Sa, wato rukunin taurarin da ake kamantawa da bijimi. Shin haka ne, kuma daga ina siffar bijimin ta samo asali? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka bai yi kuskure ba. Tauraruwar da kake gani ita ce Dabaran, ita kuwa Kaza da 'Ya'yanta malaman hisabi suna kiranta Surayya, kuma dukkansu biyu suna cikin manziloli 28, wato masaukan wata a sama, da ake lissafin yanayi da su. Mutanen zamanin da sun ɗauki Dabaran a matsayin idon bijimin, taurarin da ke kewaye da ita su ne fuskarsa, Surayya kuma tana bisa kafaɗarsa.

Sai dai kusancin nan a ido ne kawai. Hasken Dabaran yana yin kimanin shekara 65 kafin ya iso gare mu, na taurarin fuskar kimanin 150, na Surayya kuwa ya haura 400, kuma ko da yake ido ba ya ƙirga fiye da shida ko bakwai a cikinta, madubin hangen nesa ya nuna cewa sun haura dubu.

Game da asalin siffar kuwa, Girkawa sun ce Zeyus, babban abin bautarsu, shi ne ya rikiɗa ya zama farin sa, ya ɗauke Yuropa, 'yar sarkin Finikiya, ya ƙetare teku da ita zuwa tsibirin Kirit. A ganina labarin Larabawan jahiliyya ya fi armashi, domin ya dace da abin da mai kallo yake gani: sun ce Dabaran matalauci ne da ya nemi auren Surayya ta ƙi shi, shi ya sa har yau yake biye da ita yana kora 'yan raƙumansa na sadaki, wato ƙananan taurarin da ke gefensa, bai kuwa taɓa cim mata ba.

Duk wannan tatsuniya ce, kamar yadda iƙirarin masu duba cewa buruji yana tsara halin mutum ba shi da hujja. Jadawalinsu ma ya saɓa wa sama, domin suna ba wa Sa daga 20 ga Afrilu zuwa 20 ga Mayu, alhali a zamaninmu rana tana ratsa shi ne daga tsakiyar Mayu zuwa wajen 21 ga Yuni, lokacin da haskenta ke ɓoye shi gaba ɗaya.